Ciwon da Ya Hau Sagiru Daga Ƙafa

Da sunan Allah na fara, shi ya ba ni yaron, shi ya san abin da idona ya gani a kansa. Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan labari ina fasawa, don da na ɗauko shi sai gajiyar asibitin nan ta dawo mini a gadon baya. Amma har yanzu ina ganin mata a layinmu, yaro ya yi gudawa ya warke, a ce alhamdu lillahi an rabu da ita. Ni ma haka na ce.

Sunana Uwani. Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan noman rani. Maigidana Malam Sale manomin tumatir ne, ni kuma ina turara wa mutane shinkafa a cikin gida. Sagiru shi ne na huɗu a ɗakina, shekararsa huɗu da 'yan watanni a lokacin. Yaro ne mai ƙiriniya, in kin ji shi shiru to ki tashi ki duba, ɓarna yake yi. Shekarar kuwa ita ce wadda aka yi ta cece-kuce a kan ɗigon rigakafin shan inna, wasu suna karɓa wasu suna rufe ƙofa.

Farkon bazara ciwon kaji ya shigo unguwa. Kowa ya san abin da ake yi, da kaza ta fara gyangyaɗi sai a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Malam ya yanka mana namu. A gidanmu, kamar kowane gida, kai da ƙafa da hanji rabon yara ne. Yayyen Sagiru suka kwashe suka yi bakin kanal, suka ɗauraye sama-sama, suka dawo suka tsire a tsinke suka ɗora a wutar ɓuntun shinkafar da nake turara da ita. Wutar ɓuntu hayaƙinta ya fi zafinta, waje ya yi baƙi, ciki ɗanye. Ina kallonsa yana tsalle yana hura yatsu yana ci, maiƙo har gwiwar hannu. Haka mu ma muka ci muka girma.

Ba a jima ba yaran suka fara zaryar bayan gida. Manyan suka yi tasu ta wuce. Ta Sagiru ta zo da murɗar ciki da zazzaɓi, har da ɗan jini-jini. Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari, Malam ya karɓo kafso a kemis. Kafin mako ya zagayo ya miƙe, ya koma hawa buhunan shinkafar mutane ina korar sa. Ya rame kaɗan, amma wa zai damu da ramar yaron da yake gudu?

Wajen mako biyu bayan nan ya fara cewa kiyashi na bin ƙafarsa. Na duba, ba kiyashi. Washegari ya faɗi a tsakar gida ba tare da ya yi tuntuɓe da komai ba, ya tashi, ya sake faɗuwa. Na ce masa ya daina mini iya shege, aiki ya yi mini yawa. Da yamma na tsugunar da shi a bayan ɗaki, na koma kan tukunya, sai na ji yana kira. "Umma, zo ki tashe ni." Na je na ga yana dafa ƙasa yana ƙoƙari, ƙafafun sun ƙi. Na taɓa jikinsa, sanyi ƙalau, ba zazzaɓi.

Kafin gari ya waye labari ya gama unguwa, kowa kuma ya zo da nasa ilimin. Masu ƙin ɗigon rigakafi suka ce ga irinta nan, ai an taɓa ɗiga masa. Masu karɓa suka ce don mun tsallake zagaye ɗaya ne. Tsofaffi suka ce Inna ce ta sha shi, kada a kuskura a yi masa allura, a yi turare a ajiye mata nono a bayan ɗaki. Wata ta ce a binne ƙafafun a yashi mai ɗumi. Ban ƙi na kowa ba, wallahi ban da ƙarfin ƙi. Aka yi turaren, aka shafa abin shafawa, ɗakin ya cika da ƙwarya da ƙullin magani har ba wurin taka ƙafa.

Malam ya aika wa mahaifiyata, Iya, ta taho daga wajen Bunkure da ƙunshin kayanta a ka. Ita da Sagiru ba sa haɗuwa sai an yi faɗan kaka da jika. Tana shigowa ta tsaya a kansa ta riƙe haɓa.

"Kai maigida, wane irin miji ne kai? Na yo tafiya tun daga garinmu na tarar da kai a kwance? Tashi ka kawo cefane."

Ya yi dariya ya ce, "Na sake ki, tsohuwa."

"Saki nawa ke nan? Ba inda za ni."

Ta zauna ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta tana matsawa. Ya ƙwalla ƙara, don duk da ba sa motsi, ciwo suke yi masa sosai. Na ga fuskar Iya ta canza.

Muka kai shi ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Ma'aikacin ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da ɗan guduma, ƙafa ko gezau. Ya ce yana zaton shan inna ce, ita kuwa ba ta da magani, mu je gida mu riƙa miƙe masa ƙafa. Washegari sai ga mutane biyu a kan babur da jaka mai ƙanƙara a ciki, wai sun zo karɓar kashin yaron za a kai gwaji. Suka dawo karɓar na biyu a kan lokaci, ko ɗaurin aure ba a cika wa alkawari haka. Na ce da Malam da ma yaron ne ya samu irin gatan da kashinsa ya samu. Ba laifinsu ba ne, aikin da aka turo su ke nan, amma raina ya ɓaci.

Abin bai tsaya a ƙafa ba. Ya kasa zama sai an tokare shi da filo. Sannan ludayi ya fara zamewa daga hannunsa. Muryarsa ta koma ta hanci, yawu na zuba ta gefen baki. Ranar da na ba shi ruwa na ga ya dawo ta hanci, Iya da kanta ta ce, "Wannan ba shan inna ba ce, Uwani. Na ga shan inna ba iyaka, ba ta hawa mutum haka. Ku tashi mu tafi birni." Wannan kalma tata ina gode mata har gobe.

Muka fito bakin titin Zariya muka shiga bas, Sagiru a kafaɗar Malam kansa na lilo. Babban asibiti kuwa, wanda bai taɓa zuwa ba ba zai gane ba. Layin yankar kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kowane layi in kin kai gaba a ce ba nan ba ne. Tun hantsi muke tsaye har aka yi azahar. Wata nas ce mai jiki, da ake ce wa Sista, ta zo wucewa ta ga yadda yawu ke zuba, ta tsaya ta ce masa ya yi tari. Ya buɗe baki, abin da ya fito bai fi hucin ɗan kyanwa ba. Nan take ta karɓe shi daga hannun Malam ta wuce da shi gaban kowa. Mutanen layi suka yi ta surutu, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Likitan wani siriri ne mai tabarau, bai wuce sa'ar ƙanena ba. Ya duba shi tun daga tafin ƙafa har ido, sannan ya juyo ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi.

"Baiwar Allah, kwanan baya ya yi gudawa?"

Na ce ya yi, amma ai ta warke tuni.

"Me ya ci kafin nan?"

Na ba shi labarin kajin. Ya gyaɗa kai, ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a hanjin kaji da kashinsu, da ruwan da suka ɓata. Ita ta sa shi gudawa. Jikinsa ya tashi ya yaƙe ta ya ci nasara, sai dai rigar ƙwayar ta yi kama da rigar jijiyoyinsa, shi ne da aka gama da ita jikin ya juya kan jijiyoyin. Ya ce ba kowane yaro ne hakan ke samu ba, ɗaiɗai ne. Ya faɗi sunan ciwon, wai Gilan Bare, haka kunnena ya riƙe. Ya ce akwai maganin da ke rage masa ƙarfi, amma babu shi a asibitin, ko da akwai gonar Malam ba za ta saye shi ba.

Sannan ya yi maganar da har yau nake ji a kunnena. "Ciwon nan hawa yake yi daga ƙafa, ya tsaya, sannan ya sauka da kansa. Yawancin yara suna tashi su yi tafiya. Aikinmu ni da ku shi ne mu riƙe shi da rai har ya sauka." Ya dube ni, ya dubi Iya. "Maƙogwaronsa ya daina tare hanyar iska, kuma ba shi da ƙarfin tari. Duk abin da ya bi ta bakinsa, huhu zai tafi. Ko ɗigon ruwa kada a ba shi. Kun ji, Baba?"

Iya ta ce, "Muna ji."

Aka zura masa siririyar roba ta hanci har ciki. Ta nan ake ɗura masa madara da tataccen kunu da sirinji. Aka ba mu gado a ɗakin yara, gefenmu wata Bafulatana da ɗanta mai sanƙarau. Maza ba sa zama sai lokacin ziyara, don haka ni da Iya muka shimfiɗa tabarma a ƙasa, muka tare.

Makon farko ban san yadda ya wuce ba. A juya shi dama, a juya shi hagu, don kada bayansa ya yi gyambo. A miƙe masa hannu da ƙafa yana hawaye. A kira Sista ta zuƙe masa yawu da wani inji da ake takawa da ƙafa in an ɗauke wuta. A kore masa ƙuda, don ko ƙuda ya sauka masa a ido sai dai ya ƙifta. A wanke tsumma, a shanya, a tsare kada a ɗauke. Ƙafafuna suka kumbura, bayana ya riƙe, in na yi sujada sai in ji kamar kada in ɗago. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hankalinsa garau yake. Yana ganin komai, yana jin komai. In mai kunu ta shigo da safe ana miƙa kofuna, sai idonsa ya bi ta har ta fita.

"Umma, ruwa."

Da ƙyar ake jin muryar. Sai in jiƙa auduga in goga masa a leɓe, in matse ta sosai kada ta ɗiga. Ya riƙa bin audugar da harshe. Ni kaina na daina cin abinci a gabansa, sai in zagaya bayan ɗakin in tura 'yan lomomi a tsaye in goge baki in dawo.

Iya ce abin ya fi ƙarfinta. Dole in gaya muku wace ce Iya a wajen ciyar da yaro. A garinsu ita ake kira in yaro ya ƙi cin abinci ko ya ƙi magani, don ta iya ɗure. Ta kwantar da yaro a cinya, ta tara tafin hannunta a bakinsa, ta zuba kunu, ta toshe masa hanci, da ya buɗe baki neman iska sai ya haɗiye. Da haka ta raya mu, da haka ta raya 'ya'yan maƙwabta. Takan ce ni kaina da na yi ƙyanda an fid da rai da ni, ɗurenta ne ya tashe ni. A wurinta yaro mara lafiya ba ciwo ke kashe shi ba, yunwa ce. Sai ga shi an zaunar da ita tana kallon jikanta yana bushewa, ana tura masa abu ta hanci.

Wata rana bayan an gama ba shi da sirinjin ta matso kusa da ni.

"Uwani, wannan abin da suke yi ba ci ba ne. Dubi haƙarƙarinsa. Bari in ɗan taimaka masa, kaɗan, ba wanda zai sani."

"Iya, a gabanki likita ya hana."

"Likitan nan na haifi wanda ya girme shi. Ya taɓa raya ɗa?"

"Don girman Allah, Iya. Ya ce huhu zai tafi."

"Yara nawa na ɗura wa, na wa ya tafi huhu?"

Ban taɓa ɗaga wa Iya murya ba, ran nan ma ban ɗaga ba, amma na riƙe hannunta na ce in dai ina numfashi ba za a ba shi komai ta baki ba. Ta zare hannunta ta ce, "To, na ji. Ɗanki ne." Ta juya ta ɗauki carbinta. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuwa na ɗauka an wuce wurin.

Malam yana zuwa yana komawa. Lokacin ɗiban tumatir ne, ga kasuwa ta faɗi, ga ba mai tsaya masa a gona. In ya zo sai in ga ya ƙara baƙi, ya tsaya a bakin gado ya ce, "Sagiru, ya jiki?" Ya miƙo mini ledar magani ya fita ya zauna a ƙarƙashin bishiya. Abin da muka sayar a jinyar nan ba zan lissafa ba, na gaji da tuna shi. Na dai san tumakina ba su ga damina ba. 'Yan'uwa sun zo dubiya makon farko mota guda, mako na biyu mutum uku, daga nan sai saƙon gaisuwa. Ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ke gabansa.

Cikin mako na uku sauƙi ya leƙo. Da safe ina goge masa fuska sai ya ɗaga kafaɗa yana ƙi. Na tsaya. Na ce ya sake, ya sake. Muryarsa ma ta ɗan fito, har ya ce wa Iya goronta na wari. Iya ta yi dariya har da hawaye ta ce, "Lallai maigida ya dawo, an fara zagi." Da likita ya zo zagaye ya sa shi ya matse masa yatsa, na ga ya yi murmushi, karo na farko.

"Ya tsaya da hawa, ya fara sauka," in ji shi. "Amma maƙogwaron ban yarda da shi ba tukuna. Mako mai zuwa ni da kaina zan gwada shi da cokali. Ku ƙara haƙuri, an kusa."

A ranar na yi barci na gaske da rana tsaka, a kan siminti, ban san inda kaina yake ba.

Sai Malam ya zo da labarin cewa yaran da muka bari a hannun maƙwabta sun fara lalacewa, ƙaramarsu ma ba ta da lafiya. Tunda sauƙi ya samu, aka yanke Iya ta bi shi ta koma ta riƙe gidan. Ranar da za su tafi aka aike ni karɓo sakamakon jini, daga nan in fita waje in sayo sabuwar robar hanci. Layi ya riƙe ni, ban dawo ba sai bayan la'asar. Na tarar Iya ta ɗaure kayanta, Sagiru yana barci da wata riga ba wadda na bar shi da ita ba. Ta ce gumi ya yi ta canza masa. Ta sunkuya ta shafa kansa ta ce, "Maigida, na tafi in share maka ɗaki. Kada ka daɗe." Na raka ta bakin ƙofa, fuskarta a sake.

Washegari jikinsa ya ɗau zafi. Numfashinsa ya koma sama-sama, ƙirjin na ƙara kamar tukunya ta fara tafasa. Aka yi hoton ƙirji. Likita ya ɗaga hoton a taga ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ni gefe.

"Ki gaya mini gaskiya, ba faɗa zan yi ba. An ba shi wani abu ta baki?"

Na rantse masa da Allah ba a ba shi ba. Na ce ni da nake matse auduga? Ya ce to, wataƙila yawunsa ne ya sarƙe shi, hakan yakan faru. Ya rubuta allurai masu ƙarfi.

Sun yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sista ta bar abincinta ya huce a kan tebur saboda shi ba sau ɗaya ba. Amma tukunyar iskar oksijin guda ce a ɗakin, yara uku ke karɓa-karɓa. Injin da ke yi wa mutum numfashi an ce akwai a wani sashe, akwai mutum a kai, akwai wasu a layi. Likita ya je ya dawo, ya je ya dawo, ƙarshe ya daina haɗa ido da ni. Yaron da ya fara ɗaga kafaɗa ya koma ba abin da ke motsi sai ƙirji, shi ma da ƙyar.

Da hantsi ya cika, ranar wata Talata. Ina riƙe da ƙafarsa. Ban yi ihu ba, ba ni da ƙarfin ihu. Sista ta zare robar hancin, ta goge masa fuska, ta ce Allah ya sa mai ceto ne. Malam ya iso aka gaya masa a bakin ƙofa, ya dafa bango ya yi ta salati. Ba mu da halin ɗaukar shatar mota, sai na goya shi na lulluɓe da mayafi kamar mai barci, muka shiga bas tare da kowa. Wata mata a kusa da ni ta ce yaron nan ya yi girma da goyo. Na ce mata ba shi da lafiya ne.

Bayan wata biyu masu babur ɗin nan suka dawo, suka yi sallama suka ce sakamako ya fito, ba shan inna ba ce. Malam ya ce musu mun gode.

Ina roƙon mata 'yan'uwana su ji wannan. In yaro ya yi gudawa ya warke, ki sa masa ido na 'yan makonni. In ya fara faɗuwa, ko ya ce ƙafa na yi masa wani iri, ko ya tsuguna ya kasa tashi, kada ki tsaya jiran gardamar mutanen unguwa, ki ɗauke shi ki yi babban asibiti, ki kuma gaya wa likita maganar gudawar ko bai tambaya ba. Hanjin kaza a dafa shi ya dahu kafin a ba yara. Ina gode wa Sista da likitan nan, duk inda suke Allah ya duba bayansu. Ina kuma kai ƙarar ɗakin yara mai tukunyar iska ɗaya wurin Allah, don ban san wurin wa zan kai ba.

Saura abu ɗaya. Ban iya faɗarsa ba sai yanzu da Iya ta rasu, Allah ya jiƙanta ya haskaka kabarinta.

Bayan sadakar bakwai ne, masu zaman makoki sun watse, gida ya yi shiru. Da la'asar ina zaune a ƙofar ɗaki, Iya tana tsintar shinkafa a faifai a kusa da ni. Hawaye ne kawai ke zubo mini, ban ma san suna zuba ba. Ta ajiye faifan ta matso har gwiwarmu na haɗuwa, ta rage murya.

"Uwani, bar kukan nan haka. Bari in gaya miki abin da zai sanyaya miki rai. Yaron nan bai tafi da yunwa ba."

Na ɗago na dube ta.

"Ranar da zan taho, da kika tafi karɓo takardar nan, ya dube ni ya ce, Iya kunu. Da bakinsa ya ce. Ina zan iya tafiya in bar shi haka? Na karɓi kunu a wurin Bafulatanar nan, ita ta kare mu da zaninta. Ya kasa haɗiyewa da kansa, sai na taimaka masa yadda na saba. Kusan rabin kofi, Uwani. Ko tari bai yi ba. Na canza masa riga don kada ki gani ki yi mini faɗa."

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, na san ba mai wuce ranarsa, amma na kuma san abin da likita ya gani a hoton nan. Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Sai na dubi fuskarta. Tun da aka kawo gawar ban ga haske a idon Iya ba sai a lokacin. Abin da take riƙe da shi ke nan take iya barci, shi ne kuma ta ɗebo ta ba ni don ba ta da abin da ya fi shi. Tana kallona tana jira.

Na haɗiye. Na ce, "Sannu, Iya. Allah ya saka da alheri."

Ta ce, "Amin. Ai mijina ne, wa zai ba shi in ban ba shi ba?"

Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsinta. Ni ma na sa hannu muka tsince tare.